Dokar Ƙofar Waje

Wayar ta shigo tun kafin ta ajiye jaka. Tana tsaye a gaban teburinta, hannu ɗaya na laluben maɓallin fanka, ɗayan riƙe da kofin shayin da ta saya a ƙasan bene, sai ta ga sunan Yaya a fuskar waya. Yaya ba ya kira da safe. Mutum ne mai ganin kiran ma'aikaci a bakin aikinsa rashin tarbiyya ne, ko da kuwa ma'aikacin ƙanwarsa ce.

"Auta, kin isa ofis?"

"Yanzun nan na shigo, Yaya. Lafiya dai?"

"To, da sauƙi. Wayoyin masu babur ɗina ne suka ƙi. Kowa ya buɗe manhaja sai ta faɗa masa yawan kayan da zai kai, amma wurin da adireshi ke fitowa fari fat. Mun kashe mun kunna, mun cire mun sake sakawa, shiru kake ji."

Ta san wace rana ce yau. Tun da kamfanin da Yaya ya yi wa aikin sito ya rufe, ya sayar da motarsa ya sayi akwatunan sanyi, ya kama wani ɗan shago kusa da gada, ya tara masu babur yana kai wa mutane saƙo gida-gida. Ana ci dai, ba a ƙoshi. Sai kwanan nan wani babban kantin magani ya ba shi gwaji: ya riƙa kai wa masu ciwon suga allurarsu har gida, cikin ƙanƙara, kafin rana ta take. In ya wuce gwajin, a sa hannu a kwangila, shagon ya tsaya da ƙafafunsa. In ya faɗi, akwai wasu a layi. Yau ce ranar ƙarshe, kuma shugabar kantin ta faɗa masa tun farko cewa akwatin da bai isa hannun mai shi ba kafin azahar, motarsu za ta zo ta kwashe.

"Ba ni minti kaɗan, Yaya. Kada kowa ya taɓa komai."

A gida Auta ce, a ofis kuwa Alƙaliya suke ce mata, kuma ba don yabo ba. Kamfaninsu laburare yake rubutawa, wato tarin rubutun umarnin kwamfuta da aka riga aka gama, wanda masu haɗa manhaja a waje ke ɗauka su ɗora aikinsu a kai maimakon su faro daga tushe. Wuraren da mutanen waje ke taɓawa a jikin laburaren, su ake kira ƙofar waje. Kafin kowane rubutu ya fita daga ofishin, sai ya bi ta hannun wata manhaja mai duba shi layi-layi, wadda suka raɗa wa suna Matsefi saboda ba ta barin ƙulli ko ɗaya. In ta nuna kore, ka wuce. In ta nuna ja, ko kai ɗan wane ne, ka koma ka gyara.

Dokokin Matsefi suna da yawa, amma akwai guda wadda Alƙaliya ta haifa da hannunta, ta rene ta, take kuma kishinta fiye da yadda ya kamata mutum ya yi kishin rubutu. Dokar ta ce duk ƙofar wajen da ke ba da jerin abubuwa, ba za ta tattaro su ta miƙa dami guda ba, ba za ta kuma ɓoye dami a bayan ƙofa ba. Sai dai ta riƙa miƙo su ɗaya bayan ɗaya, yadda leburori ke miƙa bulo hannu da hannu. Kada a yi wa dokar ƙazafi, mai kyau ce. Bara wani ƙaton dami ya shaƙe na'urar wani babban abokin cinikinsu ana tsakiyar aiki, kuma da ƙyar kamfanin ya sha. Har zuwa jiya sababbin ƙofofi kawai Matsefi ke tarewa a kan wannan doka, tsofaffin kuwa gargaɗi kawai take yi musu. Jiya da yamma aka mai da ita hani a kan duka, Alƙaliya ta saki gyaran da ke yin kansa, ya bi duk tsofaffin ƙofofi ya sauya su, allo ya yi kore shar daga sama har ƙasa. Har hoton allon ta ɗauka.

Ba ta kai ga zama a kujera ba ta gane abin da ya faru, kuma gane shi bai yi mata daɗi ba. Bulon da aka miƙo ya wuce, ba ya dawowa. Manhajar Yaya kuwa sau biyu take bin jerin adireshi: ta bi da farko ta ƙirga ta jera su bisa kusancin hanya, sannan ta sake bi ta nuna wa mai babur. A da, da dami ke zuwa, ko sau goma za ta bi yana nan. Yanzu zagayen farko ya cinye komai, na biyu ya zo ya tarar da wayam. Ta san haka ba tare da ta duba ba, domin ita ta rubuta wa Yaya manhajar, a ranakun hutunta, zaune a kan tabarma a falon Mama. Ita ce kuma ta saita ta yadda duk sanda aka buɗe ta za ta ɗauko sabon laburaren kamfaninsu kai tsaye. "Namu ba ya ɓaci, Yaya," haka ta ce masa a lokacin.

Gyara manhajar Yaya abu ne na ɗan lokaci, amma kafin rumbun manhajoji ya tantance gyaran ya sake shi zuwa wayoyi, sai an kwana biyu ko uku. Wannan hanya a rufe take. Saura guda: a mai da tsohuwar ƙofar yadda take a laburaren kamfani. Layi uku ne. Ta rubuta su, ta tura.

Matsefi ta nuna ja. A ƙasan jan akwai bayani, da irin lafazin da ita kanta ta zaɓa: wannan ƙofa tana miƙa dami, a gyara kafin a wuce.

"Alƙaliya, yau kuma wa aka kama da sassafe?"

Dogo ne, maƙwabcin teburinta, ya shigo yana goge gilashin idonsa da gefen riga. Tsakaninsu akwai 'yar tsama. A watan jiya aiki ya matse shi, ya kashe wannan dokar na ɗan lokaci ba da izini ba don ya fitar da wani gyara. Ita ta gani, kuma ba ta same shi a gefe ba, sai da ta bari aka zauna taro ta ɗora maganar a tebur. Aka karɓe mabuɗinsa, ƙarin girman da yake jira ya sha ruwa, Manaja kuma ya buga tebur ya ce duk wanda ya sake kashe doka ba da yawunsa ba, ya haɗa kayansa tun kafin a ce masa. Tun daga ranar mabuɗin kashe doka ya rage a hannun mutum biyu: Manaja da Alƙaliya.

Ba ta da lokacin jan aji. Ta juya masa allon ta yi masa bayani a gurguje. Dogo ya sa gilashinsa ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ja kujerarsa kusa.

"Mayar da laburaren gaba ɗaya yadda yake kafin gyaran jiya mana."

"Shi ma sai ya bi ta Matsefi. Na toshe wannan hanyar."

"To sa alamar nan da ke sa Matsefi ta ɗaga wa layi ƙafa."

"Na cire ta."

"Ke kuwa!" Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Gida kika gina ba taga. To kira Manaja."

Ta kira. Wayar Manaja a kashe. Ta kira sakatariyarsa, ta ce ai yana cikin jirgi, ya tafi ganin wasu manyan abokan ciniki, ba zai sauka ba sai bayan la'asar. Ta tura masa saƙo duk da haka, ta zauna tana kallon saƙon yana nan bai shiga ba.

Dogo ya miƙa dogon yatsansa ya nuna kusurwar allonta, inda wani ɗan maɓalli yake, wanda a allonsa babu shi. Ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

"Akwai hanya," ta ce. "Dole akwai hanyar da za a bi ba a taɓa doka ba. Ni na rubuta ta, na san inda take da rauni."

A nan ne ta yaudari kanta, kuma ta yi yaudarar da gwaninta, yadda masu ilimi suka iya. Ta ce wa ranta ai da sauran lokaci, hantsi ma bai gama dubawa ba. Ta ce in ta kashe dokar, saƙo zai tafi wayar kowa a kamfanin da sunanta a jiki, kuma in aka kore ta, wa zai riƙa sayen maganin Mama? Duk gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin wannan gaskiyar akwai wata ƙarama wadda ba ta so ta kalla: ba za ta iya jure Dogo ya ga ta danna abin da ta tona masa asiri a kai ba.

Ta fara da dabara ta farko. Ta lulluɓe damin a cikin wani abu mai kama da mai miƙowa ɗaya-ɗaya, ciki kuwa yana riƙe da komai. Ta tura. Matsefi ba nan take take amsawa ba, sai ta gama bin laburaren kaf, kuma duk tsawon lokacin wata 'yar da'ira ke juyawa a allo. Alƙaliya ta zuba wa da'irar ido har idonta ya fara ruwa. Ja.

"Wannan ai tawa ce," in ji Dogo. "Ita na fara gwadawa wancan karon. Washegari kika rubuta mata tarko."

Ta tuna. Har ta tuna daɗin da ta ji ranar da tarkon ya kama.

Waya ta sake ruri. Wannan karon bayan muryar Yaya ana jin ƙarar babura da aka tayar aka kashe, da muryoyin maza suna gardama.

"Auta, ina ake ciki?"

"Na gano matsalar, Yaya. Daga wajenmu take. Ina kai."

"Alhamdu lillahi, tunda kin gano. Na kira shugabar kantin na roƙe ta ta bugo min adireshin a takarda mu kai da hannu. Ta ce sam. Wai sunayen marasa lafiya ba a yawo da su a takarda, shi ya sa aka kulle su sai a wayar mai kai kaya. Ta ce in na'urarmu ba ta aiki, ai abin da gwaji ke son ganowa kenan." Ta ji ya yi wa wani magana a gefe. "Na aika a ƙaro ƙanƙara. Ga Mama tana son magana da ke."

Mama kullum tana shagon tun da aka fara gwajin, wai zaman gida na sa mata ciwon ƙafa. Ita ke manna takardar lamba a jikin akwatuna, tana yi tana gyara wa masu babur zaman hula.

"Auta, ki taimaki ɗan'uwanki. Tun asuba bai sa komai a cikinsa ba, sai zagaye yake kamar wanda ya yar da abu. Ke ce kika san kan na'urorin nan. Ki faɗa wa manyanku su yi wa Allah su gyara."

"To, Mama."

"Wane ne ma ya taɓa abin da ke aiki lafiya lau? Mutum ya rasa aikin yi sai ɓata na wasu?"

"Mama, bari in koma kan aikin."

Ta ajiye wayar a kife. Ofishin ya cika yanzu, kowa ya sa abin ji a kunne yana buga nasa, wata a can ƙarshen ɗaki tana ba da labarin yadda mai gyaran firji ya yaudare ta. Ba wanda ya san akwai wani shago kusa da gada inda ƙanƙara ke narkewa. Sauran masu amfani da laburaren ba wanda ya yi kuka, domin manyan kamfanoni ne masu ma'aikatan da suka karanta sanarwa suka shirya tun tuni. Sanarwar ma ita ta rubuta, ta aika wa duk wanda ke cikin rajistar abokan ciniki. Yaya ba ya ciki. Kyauta yake amfani da laburaren, ta hanyar da ita ta buɗe masa, sannan ta manta da shi sarai.

Dabara ta biyu ta fi ta farko wayo. Ta raba damin gida-gida ta ɓoye a wani sashe na can ciki, inda take zaton idon Matsefi ba ya kaiwa. Da'ira ta juya, ta juya. Ja. Ashe wata rana da ta rasa abin yi ta koya wa Matsefi bin sawu har cikin ɗaka.

"Wallahi kin iya aiki," Dogo ya ce, kuma ba gatse yake yi ba. Ya riga ya ture nasa aikin gefe, ya buɗe laburaren a allonsa yana taya ta nema. "Alƙaliya, ki saurare ni. Ni na san zafin abin, na sha. Amma ni gyaran launin maɓalli na kashe doka a kai. Ke abincin gidanku ne."

"In na danna, na tafi. Kai ka ji abin da Manaja ya ce."

"Na ji. Wataƙila ya kore ki, wataƙila ya yi faɗa ya huce. Shi wannan ba a sani ba. Na yayanki kuwa an sani."

"Ka ba ni dama ɗaya. Akwai wata."

Ta ukun ba ɓoyon dami ba ce. Ta ce to, a bar ƙofar tana miƙowa ɗaya bayan ɗaya yadda doka ke so, amma in ta kai ƙarshe, ta koma ta faro daga farko, don zagaye na biyu ya samu abin ɗauka. Ta rubuta a tsanake wannan karon, tana karanta kowane layi a fili ƙasa-ƙasa. Ta tura. Ta haɗa tafin hannuwanta a baki. Da'irar ta yi ta juyawa har Alƙaliya ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Kore.

Ta miƙe zumbur har kujera ta bugi bango. Ta ɗauki waya ta kira Yaya tun kafin ta yi tunani.

"Yaya, ya wuce! Ka ce su hau babur su shirya. Yanzun nan zai fito."

Ta ji ya juya yana faɗa wa mutanensa, ta ji ihu, ta ji muryar Mama tana cewa ai ta faɗa musu. Sai Dogo ya taɓa mata gwiwar hannu. Bayan Matsefi akwai gwajin aiki, inda ake sa laburaren ya yi abin da zai yi a hannun abokan ciniki. Gwajin ya tsaya cak a wuri guda, lambobi na ta hawa ba iyaka. Duk manhajar da ke jiran jeri ya ƙare don ta ci gaba, yanzu ba zai taɓa ƙarewa ba, za ta yi ta karɓa har ta suma. Da wannan ya fita, ba shagon Yaya kaɗai ba, kowa sai ya durƙushe. Na'urar ta yanke gwajin da kanta ta watso ja.

Wayar na kunnenta har yanzu.

"Auta? Mu tafi?"

"Ku ɗan dakata, Yaya."

Bai tambaye ta dalili ba. Ya ce to, a hankali, ya kashe. Wannan "to" ɗin ya fi mata zagi ciwo. Yaya ne ya saya mata kwamfutarta ta farko, tsohuwa mai fasasshen gefe, ya ɗauko ta a kafaɗa daga kasuwa saboda kada a buga ta a mota. Bai taɓa fahimtar abin da take yi da ita ba, bai kuma taɓa shakkar cewa abu ne mai muhimmanci ba.

Ta tashi ta nufi banɗaki, ta kulle ƙofa, ta buɗe famfo don kada a ji ta. Ta yi kuka mai ɗan sauti, irin na haushin kai. Ta wanke fuska, ta kalli madubi, ta ga ba abin da ya sauya. Ta 'yar tagar da ke sama rana ta riga ta miƙe, inuwar ginin da ke kallonsu ta janye ta koma gindinsa. Ta dawo da gudu-gudu.

Kuma duk da haka, kaico, sai da ta sake gwada wata. Ta ce wa Dogo wannan ce ta ƙarshe: ta sa ƙofar ta gane manhajar Yaya ita kaɗai, ta ba ta dami, sauran kowa ɗaya-ɗaya. Dogo ya ce Matsefi ba ta san Yaya ba, dami kawai take gani. Ta ce ya bari ta gani da idonta. Ya ɗaga hannuwa sama ya koma kujerarsa. Da'irar ta juya, wayarta na ta haske a kife a kan tebur, ta ƙi ɗagawa don ba ta da abin faɗa. Ja.

Sai a lokacin ta kai hannu kusurwar allo. Maɓallin ya tambaye ta ko ta tabbata, ya tuna mata cewa za a sanar da kowa. Ya nemi dalili. Ta rubuta: na karya wa wani ƙofa. Ta danna. A lokaci guda wayoyi suka yi ƙara a duk faɗin ofishin, kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya, mai labarin firji ta yi shiru a tsakiyar magana. Alƙaliya ba ta kalli kowa ba. Ta ɗauko layi ukun nan da ta rubuta tun da safe, waɗanda ke zaune suna jiranta ba a taɓa su ba, ta tura. Ba Matsefi a hanya, gwaji ya wuce sumul, laburaren ya fita. Shayin da ta saya ko kurɓa ba ta yi ba, ya yi sanyi har ya yi fata a sama. Duka aikin bai kai lokacin da mutum zai sha rabin kofin ba.

Ta juya wayar. Kiran Yaya ne a jere, da na Mama guda. Ta kira, ya daɗe yana ringi.

"Yaya, ka ce su rufe manhajar su sake buɗewa. Ya gyaru. Wallahi wannan karon ya gyaru."

Ba ƙarar babur a bayansa yanzu. Ta ji takunsa, ta ji yana cewa wani ya ba shi wayarsa ya gani.

"Ga shi kuwa," ya ce. "Duk sun fito. Har da layin da za a fara bi." Ta ji yana bin sunayen ƙasa-ƙasa. "Kin ga wannan ta farkon ma bayan shagonmu take. Da ƙafa ma sai a kai mata."

"To su tafi mana, Yaya! Me ake jira?"

"Motar kantin ta zo, Auta. Sun kwashe. Ba su daɗe da barin nan ba, ina jin ko gadar ba su haye ba." Muryarsa a daidai take, irin ta wanda ya gama jin zafin ya zauna. "Na roƙi direban ya ƙara mana kaɗan, ya ce shi aike ne. Na kira shugabar, ta ce ba ta da abin cewa, maganin mutane ba zai jira mu ba. Kuma gaskiyarta."

Alƙaliya ta dafa tebur. A gefenta Dogo ya cire gilashinsa ya sunkuyar da kai.

"Zan kira ta," ta ce da ƙyar. "Zan yi mata bayani cewa daga wajenmu ne. Zan je har kantin."

"Ki bari. Ta riga ta kira na bayanmu, a gabana direban ya amsa waya aka faɗa masa inda zai kai akwatunan." Ya ja numfashi. "Mama na ciki tana ɓare lambobin da ta manna. Na ce ta bari, ta ƙi. In kin tashi aiki ki biyo ki tafi da ita gida, ni sai na sallami mutanen nan tukuna, ban san ma me zan ce musu ba."

"Yaya…"

"Kada ki sa wa ranki damuwa. Ina jin muryarki tun safe, na san ba ki zauna ba. Na faɗa wa Mama ma, na ce ta daina ganin kamar ba ki yi ƙoƙari ba. Na ce Auta ce fa. Da akwai wata hanya a hannunta, da tun kiran farko ta bi ta."

A allonta saƙon da ta tura wa Manaja yana nan bai shiga ba. Mutanen ofis sun fara tasowa suna taruwa a bayan kujerarta, wani na tambayar me ya sa ta kashe doka, wani na ce masa ya yi shiru.

"Auta, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya."

"Ko ba haka ba ne?"

Ta runtse ido.

"Haka ne," ta ce.